Karen Sabha Ba Ya Jin Hausa, Amma Yana Jin Murya

  A wannan fitowa ba za mu taɓo farashi ko kuɗin kwastan ba, maganar kare za mu yi. Na san wani zai ce, to ina ruwan mai shanu da kare? Sai mu ce a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin duk wanda ya taɓa sauka baƙon wuri cikin dare da dabbobi a hannunsa, ya san wanda ke fara tarbarsa kafin mai gida ya fito.

ABIN DA YA FARU A BAYAN GARI

Abin da ya jawo wannan rubutu wani al'amari ne da ya auku a kan idona shekarun baya a bayan garin Sabha, can ƙasar Libiya. Mun iso da raguna cikin babbar mota daga Agadas bayan kwana da kwanaki a hamada, aka sauke mu a wata gona mai shinge inda mai gidanmu ya saba ajiye dabbobin baƙinsa kafin a kai su kasuwa. A cikinmu akwai wani saurayi wanda wannan ne zuwansa na farko, da kuma wani dattijo mutumin Tawa wanda ya daɗe yana bin hanyar.

Bayan magariba saurayin nan ya ɗauki jarka zai ɗebo ruwa. Bai yi nisa ba sai ga karnuka uku sun fito daga cikin itatuwan dabino suna haushi. Yaro ya ƙwalla ƙara, ya yar da jarka, ya zuba da gudu. Ko taki goma bai yi ba ɗaya ya cim masa, ya cafke shi a agara, ya yaga wando har da fata.

Dattijo ya miƙe a hankali, ko sanda bai ɗauka ba. Ya tako ya shiga tsakaninsu da yaron, ya tsaya a karkace ya ba su gefe, hannuwansa a sake, bai zuba musu ido ba. Sai ya ce da murya ƙasa-ƙasa, yana jan maganar, "Toooo. Ya isa. Ya isa haka nan. Baƙi ne." Da Hausa fa ya faɗa. Haushin ya fara raguwa, ɗaya ya matso ya shinshina gefen rigarsa, can suka juya suka koma inda suka fito.

Muna wanke wa yaron ciwo sai ya ce, "Baba, ashe karnukan ƙasar nan suna jin Hausa?"

Dattijo ya ce, "Ina fa, ɗana. Da Larabci aka rene su. Muryata suka ji, kai kuwa gudunka suka gani."

Washegari aka kai yaro asibiti aka fara masa allura. Ranakun da ya kamata ya yi a kasuwa yana koyon ciniki, a kwance ya yi su, ɗan abin da ya yi tsammanin samu kuma ya tafi a magani. Maganar dattijon nan ta daɗe a raina. Da na bi abin da masana suka bincika a kan kare, sai na tarar tsoho ya yi gaskiya, sai dai akwai ɗan ƙarin bayani da ya kamata kowane falke ya sani.

KARE DA DABBA A ƘASAR FAZZAN

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, Sabha ita ce babban birnin yankin Fazzan, tana kudu da Tarabulus da tafiyar sama da kilomita 700 a mota. Mai fitowa daga wajenmu yana bin Agadas, Dirku, Sigidin, Madama, ya ƙetare iyaka ta Tummo, ya sauka Gatrun, sannan Sabha. Dabbobin da suka fi bin wannan hanya raƙuma ne da raguna, shanu kuwa yawanci kudu suke nufa. Tun daga 2011 da gwamnatin Gaddafi ta faɗi hanyar ta sha sauye-sauye, amma abu ɗaya bai sake ba: falke yana shiga hannun harsuna barkatai. Ka baro Hausa ka shiga Buzanci, ka wuce Barebari da Tubawa, ka ƙare a Larabci. A kowane mashigi kuma akwai kare da ba ya jin harshenka, ko dai dogon karen nan na Buzayen Azawak mai ƙyamar baƙo, ko salugin Larabawa na farauta, ko kuwa karnukan gadi na gonakin bayan gari.

Zaman kare da makiyayi a wannan ƙasa kuwa ba yau aka fara ba. A duwatsun Masak da ke kudu maso yammacin Sabha, da na Akakus kusa da Gat, akwai dubban zane-zanen mutanen da, na shanu da makiyaya da maharba tare da karnukansu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga wasu zanen shanun a 1850, kan hanyarsa daga Murzuk zuwa Gat da Agadas, kafin ya shiga Kano a 1851. A 2012 kuma masana daga Ingila da Italiya suka bayyana cewa sun sami ragowar maiƙon madara a jikin tsofaffin tukwane na wani kogo da ake kira Takarkori a Akakus, abin da ya nuna ana tatsar dabbobi a wurin tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Watau inda muke gani rairayi zalla a yau, da makiyaya ce. Dubban shekarun da kare ya yi yana gindin mutum su ne suka sa ya ƙware a sana'a ɗaya: lura da mutum.

KALMA DABAM, MURYA DABAM

A birnin Budafest na ƙasar Hangari akwai wata jami'a, Eötvös Loránd, wadda ta yi suna a binciken halin kare. A 2016 wani masani mai suna Attila Andics da abokan aikinsa suka horar da karnuka 13 su kwanta shiru cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, irin wadda ake da ita a manyan asibitoci. Aka riƙa sa musu muryar mai horar da su ta hanya huɗu: kalmar yabo da muryar yabo, kalmar yabo da murya sakaka, kalmar da ba ta da wata ma'ana gare su da muryar yabo, sannan irin wannan kalma da murya sakaka. Sai aka ga ƙwaƙwalwar kare tana auna kalma dabam, tana auna sautin murya dabam, sannan ta haɗa. Ɓangaren da ke nuna jin daɗi bai motsa sosai ba sai inda kalma da murya suka dace da juna. Ma'ana, in ka ce wa karenka "madalla" alhali muryarka ta mai jin haushi ce, bai karɓi yabon ba.

To, ina batun harshe? A nan ne ƙarin bayanin yake. Wata masaniya, Laura Cuaya, ta taso daga ƙasar Meziko ta koma Budafest da karenta wanda bai taɓa jin wani harshe ba sai Sifaniyanci. Ta so ta san ko ya lura mutanen sabon garin wani harshe suke yi. Aka gwada karnuka 18, aka karanta musu labari ɗaya da Sifaniyanci da kuma harshen Hangari, aka buga sakamakon a 2022. Ƙwaƙwalwarsu ta bambanta harshen da suka saba ji da baƙon harshe, kuma tsofaffin karnuka sun fi ƙanana iya bambancewa. Ke nan karnukan gonar nan ta Sabha sun san sarai cewa dattijo ba Larabci yake yi ba. Sun san baƙo ne. Abin da suka ɗauka a maganarsa shi ne baƙon nan ba ya tsoro, ba kuma faɗa ya zo yi ba.

Yaya aka yi murya ke ƙetare iyakar harshe? Wata Ba'amurkiya, Patricia McConnell ta Jami'ar Wisconsin, ta ɗauki muryoyin mutane sama da 100 masu aiki da dabbobi, makiyaya da mahaya dawaki da masu karnuka, masu harsuna iri-iri. Ta tarar duk tafiyarsu ɗaya. In ana son dabba ta motsa ko ta ƙara sauri, sai a yi gajerun sauti a jere, kamar fito gajere-gajere, ko tafi, ko buga harshe. In kuwa ana son ta lafa ko ta tsaya, sai a yi sauti ɗaya dogo. Ta gwada a kan 'yan kwikwiyo, ta buga sakamakon a 1990: gajerun sauti masu hawa sama sun fi sa su tasowa da gudu fiye da dogon sauti ɗaya mai sauka ƙasa.

Mai karatu, ai ka san wannan tun kana yaro. Tuna yadda Bafulatani ke kora garke, ka kuma tuna yadda yake lallashin saniya in za a tatse ta. Yanzu sai ka auna abin da yaron nan ya yi. Ihun mai firgita, "Wayyo! Wayyo! Kai! Kai!", gajere ne, siriri, a jere. A kunnen kare wannan kiran tashi ne. Wanda ke ta maimaita "Kai! Kai! Kai!" da ƙaramar murya yana zaton kora yake yi, alhali zuga yake yi. "Toooo" ɗin dattijo kuwa shi ne dogon sautin nan mai sauka, kuma ma'anarsa ɗaya ce ko a Maraɗi ko a Murzuk.

IDO, FUSKA, HANNU DA GUMI

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kare kuwa yana tambaya. A 2015 masana a jami'ar likitancin dabbobi ta Biyana, ƙasar Ostiriya, suka nuna wa karnuka hotunan rabin fuskar mutane, wani sama wani ƙasa. Karnukan suka iya raba fuskar fara'a da ta fushi, har a fuskokin da ba su taɓa gani ba. A 2016 kuma Jami'ar Lincoln ta Ingila da ta Sao Paulo ta Barazil suka gwada karnuka 17 da ba a yi musu wani horo ba. Aka nuna musu fuska biyu, mai murna da mai fushi, aka sa murya cikin harshen da ba su sani ba. Sai suka fi daɗewa suna kallon fuskar da ta dace da muryar. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ashe har wajen kare.

Sai batun ido da tafiya. A 2005, a Budafest ɗin dai, aka sa mace ɗaya ta tunkari karnuka ta hanya biyu. Da farko ta zo da tafiyarta ta yau da kullum tana magana da fara'a, yawancinsu suka karɓe ta. Sannan ta zo a hankali, tana ɗan tsayawa, ta ranƙwafo gaba, ta kafe su da ido, bakinta shiru. Da yawa suka ja da baya, wasu suka hau haushi da gurnani. Mutum ɗaya, tufafi ɗaya, tafiya ce kawai ta sake. Abin lura a nan shi ne, yawancinmu in mun ji tsoron kare haka muke yi: mu yi shiru, mu yi sanɗa, mu zuba masa ido. Mu a ganinmu taka-tsantsan ne, shi a wurinsa haka maharbi ko ɓarawo ke tafiya.

Wani zai ce ai waɗannan karnukan Turawa ne masu kwana a ɗaki. Gaskiya ne, shi ya sa binciken ƙasar Indiya ya fi kusa da mu. Anindita Bhadra da ɗalibanta na wata cibiyar kimiyya a Kolkata sun gwada karnukan titi 160 marasa ubangida, suka buga sakamakon a 2020. An ajiye kwano biyu a rufe, ɗaya da nama, wani baƙo ya nuna ɗaya da yatsa. Kimanin rabin karnukan ko matsowa ba su yi ba saboda tsoron mutane. Amma cikin waɗanda suka matso, kimanin kashi 80 cikin 100 sun bi yatsan, ba wanda ya taɓa koya musu. Wanda kuma aka nuna wa kwanon da ba komai, ya rage yarda da yatsan a karo na gaba. Kare ma yana riƙe wanda ya yaudare shi, kamar yadda muke riƙe dillalin da ya taɓa cin amana. Irin wannan karatu ne ke sa karen ƙauye ya watse da zarar ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, ko da hannunka wayam.

Ana cewa kare yana jin warin tsoro. A 2018 masana a Jami'ar Nafoli ta Italiya suka tara gumin mutanen da aka nuna wa abin tsoro, da na waɗanda aka nuna wa abin farin ciki. Karnukan da suka shaƙi gumin tsoro bugun zuciyarsu ya ƙaru, suka nuna damuwa, suka raɓi masu su, suka ƙaurace wa baƙo. Watau tsoronka yana tsorata kare ne, kare mai tsoro kuwa shi ne mai saurin cizo in aka matsa masa. Ba ka da iko da guminka, amma kana da iko da ƙafarka da bakinka.

KAREN DA KE HANNUNKA

Malamai sun sanar da mu cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don kiwo, da farauta, da gadin gona. Da yawa cikinmu muna da su a garke ko a zango, sai dai muna ɓata su da kanmu ba mu sani ba.

Kuskure na farko shi ne hukunci bayan an gama laifi. Ka dawo da safe ka tarar an ja fatar da ka shanya, ka daka wa kare tsawa, ya sunkuyar da kai ya maƙale wutsiya, sai ka ce, "Ka gani, ya san abin da ya yi." A 2009 wata masaniya a birnin Niyok, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan da karnuka 14. Mai kare zai hana shi cin wani abu ya fita, in ya dawo wani lokaci a faɗa masa gaskiya, wani lokaci a ce kare ya ci alhali bai ci ba. Sai aka ga sunkuyar da kan nan tsawa ce ke kawo shi, ko an yi laifi ko ba a yi ba, har ma waɗanda ba su ci ba sun fi nuna shi in an yi musu faɗa. Saboda haka tsawar safe ba ta gyara ɓarnar dare. Abin da kare ke koya kawai shi ne dawowarka abin tsoro ce. In za ka hana, hana a lokacin da yake cikin yi, da kalma ɗaya, da murya mai kauri, sau ɗaya. In ya bari, ka sassauta murya nan take don ya san ya dace.

Na biyu shi ne yawan baki. Kai ka ce "bari", yaronka ya ce "kai", makiyayinka ya faɗa da Fulatanci, mai gadi ya ce "barra" da Larabci. A zaɓi kalmomi uku ko huɗu, kowa ya riƙe su. In kuma ka karɓi kare daga wata ƙasa, tambayi kalmomin da aka saba masa da su kafin ka ce ba ya jin magana.

Na uku, mu sani kare yana duban mai shi kafin ya yanke shawara. A 2012 a Milan ta Italiya aka kunna fanka da aka ɗaura wa tsummoki masu kaɗawa a gaban karnuka. Yawancinsu suka waiwayi masu su. Waɗanda aka yi wa magana da fara'a sun fi matsawa kusa, waɗanda aka nuna wa tsoro suka noƙe. Don haka in baƙo ya zo zangonka, yadda ka amsa sallamarsa shi ne umarnin da ka ba karenka. Haka kuma kare ya san lokacin da idonka ke kansa: a 2003 a Jamus an nuna cewa karnuka sun fi ɗaukar abincin da aka hana su in mutum ya juya baya ko ya rufe ido. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, an ce ɗauka zai yi, to jira yake ka kau da kai.

Kada kuma mu manta dabbobin da muka zuba dukiyarmu a kansu suna da kunne. Bincike a ƙasar Kanada a 1999 ya nuna ihun mutane ya fi ƙarar ƙarafan ƙofar shinge tayar wa shanu da hankali. Wurin lodi in ana ihu, kare ya ɗauka an cuna shi, ya shiga cizon agara, shanu su rikice su tattake juna. Sa mai rauni ko rago mai ɗingishi kuwa kowa ya san yadda mai saye ke karya masa kuɗi.

IN KA SAUKA BAƘON WURI

Ga abin da ya kamata a koya wa yaran da muke tafiya da su, tun kafin mota ta tashi.

Kada a shiga shingen mutane sai an yi sallama daga waje, mai wurin ya fito ya amsa a gaban karensa. Kada a aiki baƙon yaro ɗebo ruwa shi kaɗai a daren farko.

In kare ya taso, a tsaya cak. Da wuya mutum ya tsere wa kare da ƙafa, gudu kuwa shi ke mai da kai abin farauta. A ba shi gefe, a sauke hannuwa, a riƙa ganinsa ta wutsiyar ido. A yi magana ƙasa-ƙasa, a ja ta, da kowane harshe. In akwai jarka ko buhu a hannu, a riƙe shi tsakani. In ya lafa, a ja da baya sannu-sannu ba tare da an juya masa ƙeya ba. Dabarar sunkuyawa neman dutse takan yi aiki a kan karen titi guda ɗaya, amma kada a gwada ta a kan karnukan gadi a cikin gidansu. In har ya kai mutum ƙasa, ya dunƙule ya kare wuya da fuska da hannuwansa.

A kuma koyi karanta shi kamar yadda yake karanta mu. Kaɗa wutsiya ba kullum maraba ba ce. In jiki a sake yake, ƙugu na kaɗawa tare da ita, da sauƙi. In wutsiya ta miƙe sama tana rawa kaɗan-kaɗan, jiki ya sandare, gashin baya ya tashi, baki a rufe, to wannan ya fi mai haushi haɗari. Mai lasar baki, yana hamma, yana kau da kai, cewa yake a ba shi wuri. Kada a kusanci karya mai 'ya'ya, ko kare mai cin abinci, ko wanda aka ɗaure.

INDA MURYA BA TA AIKI

Duk abin da muka faɗa a kan lafiyayyen kare ne. Mahaukacin kare ba ya jin lallashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu. Ciwon yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ke nan ana iya cizon mutum a Gatrun, ciwo ya tashi yana gida cikin iyalinsa, an ma manta da cizon. In kuwa alamu suka fito, da wuya ƙwarai a tashi.

Alamarsa a jikin kare ita ce sakewar hali: mai ƙyamar mutane ya zama mai shige musu, ko mai sanyi ya hau cizon duk abin da ya gani, haushinsa ya sake, yawu na dalala, muƙamuƙi ya saki. Shanu da raƙuma da tumaki ma suna kamuwa. Saniya ta riƙa kuka ba ƙaƙƙautawa, tana dalalar da yawu, ta kasa haɗiya kamar wani abu ya maƙale mata. Kada a zura hannu a bakinta, a kira malamin dabbobi.

In an yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Na san darajar ruwa a hamada, amma wannan ba wurin tsimi ba ne, kuma sabulu ya zama cikin guzurin kowace mota. Kada a ɗaure ciwon tamau, kada a cusa masa toka ko barkono. A nufi asibiti mafi kusa don allurar rigakafi, a kuma cika adadin da likita ya faɗa ko da an ƙetare iyaka. In an san mai karen, a roƙe shi ya tsare shi a lura da shi kwana 10, amma kada a jira kwanakin kafin a fara allura. Namu karnukan kuma a yi musu rigakafi wurin malaman dabbobi.

Larabawa suna da karin magana cewa ayari na tafiya karnuka na haushi, watau kada a kula su. A wajen masu surutu wannan gaskiya ce. Amma falken da ke kwana da dukiyarsa a fili ya san haushin kare labari ne, ya kamata a saurara, a kuma san yadda za a amsa. Yaron nan ya warke, ya sake bin hanyar sau da yawa, har ya zama shi ke gargaɗin sababbin zuwa. Na taɓa ji yana ce wa wani ƙaninsa, "In sun taso kada ka gudu, ka yi musu magana kamar kana lallashin saniyar tatsa."

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi a wurin taro, musamman yaran mota da 'yan rakiya, domin su ne ke fara sauka. Allah ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, ya kai kowa gida lafiya, amin.